Su Ba Su Da Uwa Ne?

Wata rana a Funtuwa, wani matashi mai suna Lurwanu ya gayyaci mutanen unguwarsu su zo su kalli fim ɗin da ya yi shekaru yana haɗawa.

Bari in fara gaya muku irin fim ɗin, don ba irin wanda muka saba ba ne.

Ba saurayi, ba budurwa, ba rawa a cikin lambu.

Labarin wani zamani ne can gaba, lokacin da aka daina haihuwar sojoji. Buga su ake yi a inji, kamar yadda za ka kai takarda shago a yi maka kwafi. An ɗauki mutum ɗaya, an yi ta buga shi har ya cika fili, sannan aka raba su gida biyu aka ce su je su kashe juna.

'Yan kwafi ake ce musu a fim ɗin.

Kuma duk rundunar nan fuskar mutum ɗaya ce, fuskar Tasi'u, abokin Lurwanu tun suna firamare.

Ku bar ganin abin a faɗe, jama'a, an sha wuya.

Koren yadi Lurwanu ya kafa a soron gidansu. Tasi'u ya yi gudu a gaban yadin nan, ya yi tsalle, ya faɗi. A ce ya tashi ya sake faɗuwa ta hagu. Ya sake ta dama. Ya sake da baki buɗe. Maƙwabta har leƙowa suke yi suna tambaya ko lafiya.

Shi kuma Lurwanu ya kwashi faɗuwar nan ya zuba a kwamfuta, ya goge koren yadin, ya sa sararin sama mai rana biyu da wani birni na ƙarfe da ke lilo a iska. In kwamfutar ta yi zafi, sai ya ɗora ta a kan murfin randa ta huce.

Magana kuwa kusan babu a fim ɗin. In ka tambaye shi dalili, sai ya ɗaga kafaɗa ya ce hoto ya isa.

To, ɗan Adam yana gajiya.

Ranar nan Tasi'u ya zaunar da shi ya ce, "Lurwanu, ni fa na gaji da faɗuwa. A nuna wa mutane abin nan. In sun karɓa, muna tare. In ba su karɓa ba, a rufe shi, kowa ya kama gabansa."

Lurwanu bai ko yi gardama ba. Ya miƙa masa hannu suka tafa.

Ai shi a ganinsa, wa zai ga wannan aiki ya ƙi shi?

Suka roƙi ɗakin taron wata makarantar sakandare, ranar Asabar da hantsi. Aka toshe tagogi da tabarmi da barguna don ɗakin ya yi duhu. Maza gefe guda, mata gefe guda. Wuri ya cika har wasu suna tsaye a bakin ƙofa.

Aka kunna.

Kai! Farkon nan sai wanda ya gani.

Da birnin ƙarfen nan ya bayyana, wani ya miƙe tsaye ya ce, "Don Allah a Funtuwa aka yi wannan?"

Da rundunar ta fito kuwa, sai ɗaki ya kaure.

"Wallahi Tasi'u ne!"

"Ga wani Tasi'un can!"

"La ilaha illallahu, duk shi ne!"

Tafi raf raf raf. Lurwanu yana tsaye a baya kusa da na'ura, kansa har wani girma yake yi.

Sai aka fara yaƙin.

Kun dai san halinmu da kallo. Ba ma zama lafiya sai mun gano wane ne akta, wane ne bos. Sai mun san wanda za mu yi wa ihu da wanda za mu tsine wa, sannan kallo yake mana daɗi.

To a nan fa aka rasa.

Samarin layin gaba suka zaɓi rundunar hagu suka dinga zuga ta. Can kyamara ta juya, hagu ta koma dama, sai ga su suna yi wa abokan gaba tafi ba su sani ba. Da suka gane, suka yi tsaki suka zauna.

Tasi'u ya harbi Tasi'u. Tasi'u ya faɗi. Wani Tasi'un ya tsallake shi ya wuce.

Haka aka yi ta yi.

Tun ana ihu, aka koma hira. Tun ana hira, aka fara ciro waya. Wani bawan Allah a tsakiya har ya fara gyangyaɗi, alhali a allon ana ta ragargaza duniya.

Da aka gama aka yaye barguna, Lurwanu ya fito gaba ya ce kowa ya faɗi gaskiyarsa, kada a ji kunyarsa.

Ai kuwa ba a ji ba.

Wani malamin makaranta ya gyara tabarau ya ce, "Hoto kam an yi hoto, ba a magana. Amma ni har aka gama ban san a kan me suke faɗa ba."

Wata budurwa daga ɓangaren mata ta ce, "Ko waƙa ɗaya babu fa. Haba!"

Wani mai Keke Napep ya ce, "Ni tambayata ɗaya ce. Wa ya ci?"

Aka kwashe da dariya.

Wani ɗalibin jami'a ya yi wuf ya miƙe yana kare fim ɗin, wai mutane ne ba su san fasaha ba, wai a ƙasashen da suka ci gaba da tuni an ba Lurwanu lambar yabo. Mai Keke ya ce masa to ya ɗauki fim ɗin ya kai musu can. Saura kaɗan a ba hammata iska.

Wani dattijo mai son sulhu ya ce gyaran ai mai sauƙi ne. A sa wa ɗaya jar hula da tabo a kumatu ya zama bos, a samo wa ɗaya budurwa ya zama akta, shi ke nan an gama.

Lurwanu yana ta murmushi yana cewa na gode, na gode.

Amma a ransa tafasa yake yi. Cewa yake, waɗannan mutane ba su waye ba. Na kawo musu abin da ba su taɓa gani ba, suna tambayata waƙa.

Ka ji shi fa. Shi ya ce a faɗi gaskiya, kuma da aka faɗa ta zama laifi.

Mutane suka watse. Tasi'u yana can yana naɗe wayoyin lasifika, ya ƙi yarda su haɗa ido. Ba sai ya yi magana ba. Sun tafa, kuma mutane ba su karɓa ba.

Sai Lurwanu ya lura akwai wadda ba ta tashi ba.

Wata tsohuwa ce a kujerar ƙarshe ta ɓangaren mata, carbi a hannunta, tana kallon farin allon da babu komai a kansa.

Inna Hansai ce, mahaifiyar Tasi'u.

Ita ba ma'abociyar kallo ba ce. An ce mata ɗanta ya fito a fim ne, shi ya sa ta yafa mayafinta ta zo.

Lurwanu ya je ya durƙusa ya gaishe ta. Ta amsa. Sannan ta nuna allon da carbinta.

"Lurwanu, waɗannan da suka zube, su ba su da uwa ne?"

"Inna, ai ba haifarsu aka yi ba. Inji ne ya buga su."

"To ni na haifi wannan fuskar. Kuma ka bar min ita a rana, ko mai rufe ta babu."

Ta dafa kujera ta miƙe, ta fita.

Lurwanu ya kasa tashi daga durƙuson.

Wallahi maganar ta shige shi. Duk surutun da aka yi a ɗakin nan ya sami amsar da zai mayar a ransa, amma wannan ya rasa.

Ya tuna yadda ya ɓata makonni yana gyara ƙurar da ke tashi in bindiga ta yi ƙara. Ya tuna yadda ya yi ta fama da hasken rana biyu a jikin ƙarfe. Amma duk cikin waɗanda suka faɗi, babu ɗaya da ya bar kyamara ta tsaya a kansa ko na ɗan numfashi.

Shi da ya yi su bai damu da mutuwarsu ba. To don me mai Keke zai damu?

Kunya ta kama shi, kunya mai zafi.

Ya tashi ya sami Tasi'u a bakin ƙofa.

"Ka ƙara min faɗuwa ɗaya."

Tasi'u ya ce, "Mun tafa, Lurwanu."

"Mun tafa. Ban musa ba. Faɗuwa ɗaya nake roƙo. In aka sake nunawa suka ƙi, da hannuna zan goge shi kana kallo."

Tasi'u ya daɗe yana dubansa. Ya san abokinsa, in ya kafe a kan abu ko jaki albarka. Ya ce, "Ɗaya."

"Amma da Inna za mu yi."

Tasi'u ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "To Allah ya ba da sa'a. Je ka gaya mata da bakinka."

Ya kuwa je.

Ya durƙusa a tsakar gida ya yi mata bayani tiryan-tiryan, cewa Tasi'u zai kwanta kamar gawa, ita kuma ta zo ta rufe shi.

Inna Hansai ta ajiye tsintsiyar hannunta ta ce, "Bakinka ya sari ɗanyen kashi! Ɗan nawa da ransa za ka ce in rufe? Kuma ni da girmana in fito a fim? Tashi ka ba ni wuri."

Ya tashi ya ba ta wuri.

Washegari ya dawo gaisuwa. Bai tayar da maganar ba. Ya gaishe ta, ya ɗan zauna, ya tafi.

Haka ya mayar da gidan wurin zuwansa.

A tsakanin nan kuwa masu ba da shawara ba su bar shi ya huta ba. Wannan ya ce ga wata yarinya mai murya, a sa waƙa. Wancan ya ce yana da jar hula, zai ara masa kyauta. Ɗalibin jami'ar nan kuma yana ta turo masa saƙo, wai kada ya taɓa komai, fim ɗin ya fi ƙarfin mutanen gari ne kawai.

Lurwanu ya saurari kowa har ƙarshe. Ya yi godiya.

Bai sa waƙa ba, bai karɓi hula ba, kuma bai yarda cewa fim ɗin ba shi da ciwo ba. Ya riga ya san inda ciwon yake.

Wata safiya yana durƙushe yana gaisuwa, Inna Hansai ta yi ajiyar zuciya.

Ta ce tun ranar da ta ga abin nan, in ta rufe ido sai ta gan su a zube.

Ta ce, "Zan zo. Ba don fim ɗinka ba, don in rufe shi ne. Amma ba zan yi magana ba, kuma kada wanda ya shafa min hoda."

Lurwanu ya ce, "An gama, Inna."

Suka fita bayan gari da safe, wata gona da aka gama girbi, sai guntayen kara. Tasi'u ya sa kayan sojan 'yan kwafi ya kwanta a ƙasa. Lurwanu ya bi filin yana ajiye duwatsu nan da can.

Ya ce, "Inna, duk inda kika ga dutse, Tasi'u ne zai kwanta a wurin in na shiga kwamfuta. Ke dai ki taho a hankali, ki rufe wannan na gabanki. Shi ke nan aikinki."

Ya kunna kyamara.

Ta taho. Ta tsaya a kan ɗanta. Ta cire mayafinta, ya rage kallabi kawai a kanta, ta sunkuya ta rufe masa fuska.

Iyakar abin da aka ce ta yi ke nan. Lurwanu har ya buɗe baki zai ce ya isa.

Sai ta ɗago kai ta dubi duwatsun.

Ta dubi na kusa. Ta dubi na bayansa. Ta bi su da ido har ƙarshen gonar.

Sai ta janye mayafin daga fuskar Tasi'u, ta sa haƙori a gefen mayafin, ta yage shi.

Ta rufe Tasi'u da ƙyalle ɗaya. Ta yagi wani ta ɗora a kan dutse. Ta matsa gaba ta sake yaga. Tana tafe tana yaga, ƙyallen yana ƙara ƙanƙancewa, har ya zama bai fi tafin hannu ba, har ya ƙare.

Duwatsu kuwa ba su ƙare ba.

Ta tsaya a tsakiyar gona, hannu babu komai, leɓenta yana motsi.

Lurwanu bai san lokacin da hawaye ya zubo masa ba. Ya riƙe kyamarar nan gam don kada ta yi rawa.

Can Inna Hansai ta juyo ta ce, "Tasi'u, tashi haka nan. Tashi in gan ka."

Ya tashi. Ta kama hannunsa, ba ta sake shi ba har gida.

Lurwanu ya koma kan kwamfutarsa. Duk inda dutse yake ya kwantar da Tasi'u. Bai sa kiɗa a wurin ba, bai sa magana ba, sai ƙarar iska da ƙarar yagewar yadi. Ya liƙa shi a ƙarshen fim ɗin.

Sai da ya yi sintiri kafin shugaban makarantar ya yarda ya sake ba shi ɗakin.

Wannan karon ba a cika ba. Cikin waɗanda suka zo ma, wasu dariya suka zo yi, ba su ɓoye ba.

Aka kunna. Yaƙi ya fara, hira ta fara, wayoyi suka fito. Lurwanu yana tsaye a baya. Ya san in yau ma aka ƙi, da hannunsa zai goge aikin shekaru.

Bindiga ta ƙarshe ta yi shiru.

Sai ga wata tsohuwa ta shigo filin da mayafinta.

Hirar ta fara mutuwa daga layin gaba. Da ta sa haƙori ta yage mayafin, wata mata ta ce "Wayyo!" da ƙarfi, ta toshe bakinta.

Daga nan ko tari ba ka ji.

Fim ya ƙare. Aka yaye barguna, haske ya shigo.

Ba wanda ya tafa.

Lurwanu ya ce a ransa, shi ke nan, an sake ƙi.

Sai wata mata mai goyo ta tashi daga kujerarta. Ba wajen Lurwanu ta nufa ba. Ta wuce shi, ta je inda Inna Hansai take zaune, ta durƙusa har ƙasa.

Ta ce, "Inna, ya aka ji da haƙuri?"

Ta'aziyya fa, jama'a. Irin wadda ake yi a gidan rasuwa.

Kafin ta tashi wata ta durƙusa a bayanta. Sai wata. Sai maza suka fara tsallakowa daga nasu ɓangaren, suna cire takalmi, suna bin layi.

"Allah ya jiƙansu, Inna."

"Allah ya ba da haƙuri."

Tasi'u yana tsaye a gefen uwarsa, ya buɗe baki yana kallon ikon Allah. Da abin ya ishe shi ya ce, "Jama'a, ga ni fa da raina!"

Wani magidanci ya ture shi gefe da hannu ya ce, "Matsa, malam, ba da kai muke ba."

Tasi'u ya matsa. Ya ratso mutane ya zo inda Lurwanu yake, idonsa ya yi ja. Ya kama shi a kafaɗa ya girgiza shi.

Ya ce, "Ka kuskura ka goge fim ɗin nan, ni da kai ne."

Lurwanu kuwa yana can yana kallon layin.

Inna Hansai kuwa tana zaune da carbinta, kowa ya zo ta ce masa, "Da godiya. Allah ya ba da lada."

Har aka gama, ko sau ɗaya ba ta ce musu ai wasa ne ba.

Darasi:

In ka yi aiki ka kawo gaban mutane suka yi ƙorafi, kada ka yi saurin cewa ba su waye ba. Sau da yawa maganin da za su faɗa maka ba shi ne ba, amma ciwon da suke nunawa yana nan. Kada ka yi fushi, kada kuma ka zubar da aikinka ka bi son ran kowa. Ka zauna ka saurara har sai ka ji maganar da ta hana ka tashi, sannan ka koma ka gyara.

Kuma duk ƙwarewarka, in kai ba ka damu da mutanen da ke cikin aikinka ba, kada ka sa ran wani zai damu.

Na san akwai wani a cikin abokanka da aka kushe wa aiki, yana can yana shirin jefar da shi. Tura masa wannan yau, kafin ya goge.